Ina Gajiya, Injiniya?

Mu dai a unguwarmu ba ma jiran COREN. Ranar da sunan yaro ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka karatun injiniya, kafin a kira la'asar mun naɗa shi. Sunan yanka ya tafi hutu ke nan. Uwarsa ta koma Maman Injiniya, ƙannensa su koma ƙannen Injiniya, har akuyar gidan in ta ci dusar maƙwabta sai a ce a ƙyale ta, ta gidan su Injiniya ce. Ita kuwa COREN, hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki tun 1970, ba ta yarda mutum ya maƙala laƙabin a gaban sunansa sai ya yi shekara biyar a jami'a, ya fito ya ƙara a ƙalla shekara huɗu yana aiki, sannan ta tantance shi ta yi masa rajista. Shekara tara ke nan in komai ya tafi daidai, kuma yaushe rabon da komai ya tafi daidai? Mu kuwa a zama ɗaya muke gamawa, a kan bencin mai shayi, ko kuɗin fom babu.

Ba da kowa nake ba, da kaina nake. Namu yaron ɗan ƙanwata ne, kuma ni na fara goge sunansa a wayata na rubuta Injiniya, a ranar da ko ƙofar makarantar bai gani ba. Ni na ja shi majalisarmu ta bayan isha'i a nan Tudun Wadar Kaduna, na sa mai shayi ya haɗa masa mai kauri da ƙwai uku, na ce jama'a su kalle shi da kyau, don nan gaba sai an cike takarda kafin a gan shi. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Shekararsa goma sha takwas a lokacin, bai san bashi muka ɗora masa ba.

Bashin kuwa tun hutun farko muka fara karɓa. Gwaggo ta aiko da fankarta da ba ta juyawa sai an tura ta da tsinke. Ladan ya ce lasifikar masallaci tana shaƙewa da asuba. Wannan ya kawo wayar da ta faɗa ruwa, waccan ta kawo dutsen guga. Yaron nan kuwa gada da hanya da kwalbati aka ɗauke shi ya koya, kuma a aji ɗaya ko su ba a fara ba, lissafi ne da fiziks da kemistiri kamar kowane ɗalibin kimiyya. Ya ce, "Gwaggo, wallahi ba fanninmu ba ne." Ta ce, "To, ba injiniya kake karanta ba? Ko injiniyan ma suna suka tara?" Da ya juya ta bi shi da kallo, ta ce ita dai yaron mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, da ko firamare bai gama ba, bai taɓa ce mata ba fanninsa ba ne. A watan Oktoba na 2024, lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, har da wanda ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sai da aka tare shi a hanya: "Injiniya, wai me kuke yi ne a makarantar nan?" Kamar shi ya naɗe wutar ya sa a aljihu.

Mu kuma mutane ne da muka ajiye tambayar gajiya a cikin gaisuwa, muka kuma ajiye amsarta tun kafin a haife mu. Ina gajiya? Ba gajiya. In mutum ya so ya ƙawata, ya ce gajiya ta bi lafiya. Ɗan dako a Kasuwar Barci, gumi na ɗiga daga haɓarsa, haka zai ce maka. Mai jego ma haka. Ban taɓa jin wanda aka ce wa ina gajiya ya ce ga ta nan, zauna in ba ka labari ba. In ma ya faɗa, cewa za mu yi ko ba shi da tarbiyya ko kansa ya taɓu. To, yaron da ya tashi a kan wannan, aka kuma ɗora masa rawanin da bai nema ba, ta wace ƙofa zai fito ya ce ya gaji?

Abin da ke faruwa can, sai daga baya muka tsinta guntu-guntu a bakin abokansa. Yaron nan tun daga firamare bai san na biyu ba. Shi ke karɓo kyautar lissafi, shi malamai ke turawa allo in sun gaji da bayani. Da ya shiga jami'a sai ya tarar kowa a ajin zakaran garinsu ne: wannan na ɗaya daga Funtuwa, wancan na ɗaya daga Kafancan, ga wani daga Ilori da ya riga ya cinye rabin littafin lissafin Stroud tun yana gida. In aka tara zakaru a akurki ɗaya, dole wasu su koma sauraren cara. A aji biyu aka shiga karatun injiniya na gaske: zanen da ake kwana a sunkuye da doguwar rula, kuskuren layi ɗaya ya sa a sake takarda tun daga farko, ga kwas ɗin ƙarfin kayan gini, ga na gudun ruwa, ga lissafin da haruffa suka fi lambobi yawa a cikinsa. A nan ya ga abin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, F a gaban lambarsa, a allon sanarwa, yana tsaye cikin mutane. Kari-oba ta farko.

Wanda bai yi nisa a boko ba sai ya ce mene ne a ciki, a sake rubutawa mana. Ai ba nan gizo ke saƙar ba. Makin jami'a tarawa ake yi kamar adashi, sai dai wannan adashin zubin da ka kasa a farko yana bin ka har ranar kwasa. A kan biyar ake aunawa. Wanda ya kai 4.50 shi ne mai fas kilas, daga 3.50 tu-wan, ƙasa da haka zuwa 2.40 tu-tu. Manyan kamfanoni kuwa in sun fito da tallan ɗaukar sababbin ma'aikata, sau da yawa daga tu-wan suke farawa, su kuma haɗa da iyakar shekaru. Don haka yaron da semesta ɗaya ta yi wa tutsu sai ya zauna da kalkuleta, ba don aikin gida ba, don ya lissafa A nawa yake bukata a shekara ukun da suka rage kafin ya tsallake 3.50. Kalkuleta kuwa ba ta san lallashi ba. Abokinsa ya ce min tun daga nan ya daina ɗaga hannu a aji. Ya san amsa, amma sai ya bari wani ya faɗa, ya ji ta yi daidai da tasa, sannan ya yarda cewa ashe ya sani. Ni wannan ta fi F ɗin tayar min da hankali.

Mu a gida me muka sani? "Injiniya, ya karatu?" "Alhamdu lillahi." "Fas kilas dai ko?" Sai ya yi murmushi, mu kuma mu fassara murmushin yadda ya fi yi mana daɗi.

Inda ba mu taimaka ba kuma, mun ƙara gishiri. Da nake ɗora ɗaki biyu a bayan gidana, na kira shi don in yi wa birkila burga. Birkilan ya miƙa masa cokalin gini ya ce, "Bismillah, Injiniya, ɗora mana bulo ɗaya mu gani." Ya ɗora, ya karkace, leburori suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Da ya ce rodin da aka sa a kan taga ya yi kaɗan, birkila ya ce shekararsa talatin yana gini ba wanda ya taɓa rushewa, ni kuma na bi bayan birkila, don maganar yaron ƙarin rodi take nufi, ƙarin rodi kuwa kuɗi ne. A makaranta ana nuna masa kansa bai isa ba, a gida muna nuna masa hannunsa bai isa ba.

Ga kuma shekarun da ba a lissafa su cikin biyar ɗin. Yana aji ɗaya ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Yayyensu da suka riga su shiga sun sha na 2020, wata tara, ga korona a kai. Mu a majalisa mun ɗauka hutu suka samu, har muna cewa sun more. Hutun da ba ka san ranar ƙarewarsa ba ai ba hutu ba ne, zaman jiran mota ne a tasha. Da aka koma kuma sai aka shiga rama asara: a matse semesta, a fita daga wannan jarrabawa a faɗa waccan, hutun tsakani ya zama na wanke kaya kawai. Karatun kwana, wanda suke kira Ti-Di-Bi, wato sai gari ya waye, ya tashi daga abin mako biyu kafin jarrabawa ya koma sana'a, da Nescafe da goro da garin kwaki. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Uwarsa ta sayar da 'yan kunnenta na aure ba ta gaya masa ba, amma ƙanwarsa ta gaya masa. Ina jin tun daga ranar kowace takardar jarrabawa ya buɗe, su yake fara gani kafin tambaya ta ɗaya.

Burin ma ba mu bar masa ya yi nasa ba. Tun kafin ya san hanyar ɗakin lakca mun gama raba masa aiki. Ni NNPC na zaɓa masa. Mai shayi ya ce Julius Berger, don ya taɓa ganin wani injiniyansu da hular kwano fara a gaban Hilux, abin ya tsaya masa a rai. Alhaji mai kayan masarufi ya ce duk ku bar wannan, a nema masa Kwastan, digiri ai tikitin shiga ne kawai. Uwarsa ba ta zaɓi kamfani ba, Makka kawai ta ce. Baba tsoho, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Kakuri, shi ke ba mu labarin zamanin da injiniya yake injiniya: an buɗe masaƙar KTL a 1957, Fijo ta fara haɗa mota a garin nan a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980, in aka busa tashi daga aiki kekuna sai sun toshe titi. Abin da Baba ba ya so a tuna masa shi ne KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, matatar ta yi shekaru a kwance, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka fara tun 1979 har yau jira ake. Muna auna yaro da mudun 1980 a kasuwar da ta riga ta watse.

Ba wai babu komai ba. Ana shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, matatar Dangote ta tashi a Legas. Amma yaran sun fi mu sanin tsawon layin masu jira, kuma tun a aji huɗu suke fara ɗanɗanawa, lokacin SIWES, wata shidan koyon aiki da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973. Wanda ke da kawu a babban ofis ya samu inda ake aiki, wanda nasa kawun irina ne ya yi ta yawo da wasiƙa a ambulan har ta yi laushi. Namu ya samu wani ofis da ba zan kama suna ba, inda aikinsa na wata shida shi ne sayo abincin rana da cike littafin rahoto da abin da bai gani ba. Ya dawo unguwa ya tarar da wanda ya riga su gamawa da shekara uku, mai tu-wan, a ƙarƙashin lema da na'urar POS. Wani kuma yana haɗa sola, kuma wallahi yana samu, ya fi wasu masu ofis rufin asiri. Amma mu me muke cewa? "Duk karatun nan, ashe a saman kwanon mutane za a ƙare." A gaban yaron muke faɗa, muna kurɓar shayi.

Su kuma 'yan ajinsu a can kowa ya kama gabansa. Wasu sun bar littafin kwas suna koyon rubuta manhaja da dare, wasu sun zuba ido ga tallafin karatun waje na PTDF, wasu sun ce su dai a ba su takardar su koma kasuwar ubansu. Namu yana aji ɗaya na taɓa tambayarsa me yake so ya gina. Ya ce gada, a rafin ƙauyen kakarsa, don a daina jiran ruwa ya janye da damina kafin a kai mai naƙuda asibiti. Har ya zana min ita a bayan takardar da aka naɗo ƙosai. Bana na sake tambayarsa. Ya ce, "Kawu, ni dai in gama."

'Yan mata kuwa nasu ninki biyu ne. Akwai yarinya a layin bayanmu da ke karanta injiniyan lantarki. Ita ko laƙabin ba mu ba ta ba, tambaya muka ba ta: wa zai auri mai hawa falwaya? In ta ci a ce sa'a ce, in ta faɗi a ce da ma mun faɗa, in ta zo hutu ga wanke-wanke yana jiranta.

Hutun da ya wuce ya dawo a rame, wuya kamar mariƙin lema. Ya shige ɗaki. Ya yi barcin awa goma sha biyu ya tashi kamar wanda ya wuni noma. Littafi a buɗe a gabansa, shafi ɗaya tun safe har azahar. In aka ɗauko zancen makaranta sai ya ce duk shirme ne, shi da a da sai an roƙe shi ya yi shiru. Nan muka buɗe asibitinmu na majalisa. Alhaji ya ce lalaci ne, yaran zamani ba su san wahala ba, su da aci-balbal suka yi karatu. Alhajin da kowa ya san a aji huɗu na firamare ya tsaya. Gwaggo ta ce baki ne, an cika ambatonsa, ta aiko da rubutu da turaren hayaƙi. Wani ya rage murya ya ce a bincika ko ya fara shaye-shaye. Mai shayi ya ce soyayya ce, ya san alamarta. Ni na ce taifot, na kai shi aka yi gwaji, ba a ga komai ba, na dawo ina jin haushin kuɗin gwajin.

Cikinmu akwai tsohon nas da ya yi ritaya, wanda ba ya yawan magana. Ya ce abin yana da suna a wurin masana, sunan da ke nufin ƙonewa ƙurmus, kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata ta koma cin lagwani. Ya ce a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da dogon matsin aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji abin da yake yi ya fita daga ransa, sannan aikin nasa ya ja baya har ya ga kamar bai iya komai ba. Ya ce hukumar da ma'aikata take, amma shi bai ga aikin da ya kai na yaran nan ba, ga shi babu albashi. Ya ƙara da cewa in ya kai ga yaro ya daina cin abinci, ko ya fara cewa gara ya huta da duniya, to an wuce hira, likita za a gani. Alhaji ya ce Turawa dai ba sa rasa sunan da za su raɗa wa ragwanci. Aka yi dariya, aka koma zancen ƙwallo.

Saura kwana biyu ya koma na matsa masa ya fito majalisa. Ya durƙusa ya gaida kowa. Ina gajiya? Ba gajiya. Ya zauna a bakin benci. Sai makanikinmu na Fanteka ya tsokane shi: "Injiniya, yau dai sai ka faɗa mana abu ɗaya da aka koya muku wanda mu ba mu sani ba." Yaron ya yi shiru, har na fara neman yadda zan kashe zancen. Sai ya miƙa hannu ya zaro wata guntuwar wayar ƙarfe da mai shayi ke rataye ledar burodi, ya ba makanikin ya ce ya tsinka ta da ja. Ya ja, ya yi nishi, ta yanke masa tafin hannu ba ta tsinke ba. Yaron ya karɓa ya lanƙwasa ta gaba, ya mayar baya, gaba, baya, a hankali, ba wani ƙarfi, yana magana. Ya ce ƙarfe ba sai an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa yake karyewa ba. Nauyin da bai kai ya kawo ba, in ana ɗorawa ana saukewa ba ƙaƙƙautawa, sai wata 'yar tsaga da ido ba ya gani ta fara, ta yi ta ci, fenti kuwa yana nan yana ƙyalli. Ya ce wani Bajamushe mai suna Wöhler ne ya yi ta gwaji a kan sandunan ƙafafun jiragen ƙasa tun ƙarni na 19, saboda suna karyewa ba a san dalili ba, kuma a 1954 jiragen saman Ingila biyu samfurin Comet sun tarwatse a sama saboda wannan. Shi ya sa, in ji shi, in za su zana gada ba sa yin ta daidai nauyin da za ta ɗauka, sai sun bar mata rara.

Makaniki ya ce, "Wannan ai mun sani, haka sifirin ɗin mota ke yi, rana ɗaya ka ji ƙas a kan titi mai kyau. Sai dai ba mu san yana da suna ba. Me kuke ce masa?"

Wayar ta rabu biyu a hannunsa. Ya ce, "Gajiya. Wallahi haka sunan yake a littafi, Baba. Gajiyar ƙarfe."

Ba wanda ya yi dariya, har Alhaji. Ni dai na sunkuyar da kai ina juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, a 'yan mintunan da ya yi yana bayanin nan muryarsa ta dawo irin ta da, ta yaron da ake turawa allo. Ya iya abin nan. Duk wanda ke kan bencin ya ga ya iya, ban da shi.

Muna cikin shirun sai ga yaro da fanka a ka. "Wai in ji Gwaggo, a ba Injiniya ya duba mata kafin ya koma." Ya yunƙura zai karɓa, makaniki ya riga shi. "Kawo nan. Ka ce mata ta aiko da ɗari biyar, wannan fannina ne." Mai shayi ya turo wa ɗan ƙanwar tawa kofi, ya kira shi da sunansa na yanka, wanda na yi shekara huɗu ban ji a bakin kowa ba a unguwar nan, har sai da yaron ya waiga ya ga ko da wani ake.